Jitar da Ba Ta da Fuska

Da sunan Wanda ya raba wa halittu murya, ya sa wa tsuntsu tasa a maƙogwaro, ya sa wa ƙarfe tasa a baki, ya ɓoye ta itace can cikin cikinsa. Bayan haka, ni ce Tasalla mai daddawa, ta Birnin Shamraza, birnin da ganuwarsa ta gishiri ce, shanu na lasarta tun kaka da kakanni ba ta ragu ba. Karatuna bai yi nisa ba, amma ba a taɓa yi mini wayo a kasuwa ba, kuma abin da zan faɗa muku ƙafata ce ta taka shi.

Maigidana masassaƙi ne. Mutane na ce masa Jatau, ni kuwa yau ne farkon fitar sunan daga bakina, shi ma don ku gane wanda nake nufi. Ba turmi yake sassaƙawa ba, ba akushi ba, sai abin kiɗa: molo, garaya, gurmi. A shekararsa ta ƙarshe ya kama wani aiki da ya gano wurin mutanen bakin teku tun yana saurayi, abin da suke kira jita. Ƙugunta a tsuke, wuyanta dogo, tsirkiyarta shida. Fuskarta kuma ba fata ake shimfiɗawa ba kamar ta molo, katako ne siriri, shi ke karɓar muryar tsirkiya ya kai ta kunne. Ya gama baya, ya gama gefe, ya gama wuya, saura fuska. Wata Laraba da hantsi ya ce kansa na sara, kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

To, masassaƙan Shamraza suna da al'ada. In ɗayansu ya mutu ya bar aiki rabi, sai a jira shekara guda. In magadansa sun kawo abin da ya rage an ƙarasa, a rataye aikin a zauren masassaƙa, a riƙa ambaton sunansa cikin gwanaye. In ba su kawo ba, ranar cikar shekara a ƙone aikin a bakin kasuwa, sunan ya bi hayaƙi. Mu kuwa ba ɗa, ba jika. Ni kaɗai ce magajiyarsa.

Da na fita takaba sai na nufi Sarkin Masassaƙa, wani tsoho mai suna Barmo, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, wane irin katako ake so?"

Ya ce, "Wanda in an ƙwanƙwasa shi za a ja numfashi uku muryarsa ba ta mutu ba. Babu irinsa a ƙasar nan, Tasalla. Koma ki ji da tallanki. Kunnen da ya saba da 'nawa-nawa' ba zai ji maganar itace ba."

Na ce, "Kunnen da ke jin ƙaryar mai saye tun bai buɗe baki ba, ranka ya daɗe, itace ne zai gagare shi?"

Masassaƙan da ke zaune suka yi dariya, wani ya ce in na samo a ƙara masa gyara. Wata bakwai da 'yan kwanaki suka rage mini. Na koma gida na ɗaure daddawata a kan tsohon katakon da nake jera ta, na ɗora a ka, na rufe ƙofa. Katakon nan maigidan ne ya ba ni makon aurenmu. Sa'o'ina aka ba su akwati mai madubi, ni aka miƙo mini katako, na kuwa shekara talatin ina yi masa gorinsa. Hayaƙi da man daddawa sun mai da shi baƙi wuluk.

Na fita ta ƙofar gabas. Na ratsa wani fili da ciyawarsa ke kwanciya tun kafin a taka ta, ta miƙe bayan an wuce, har mutum ya waiga bai ga sawunsa ba. Na ratsa wani gari da inuwar mutanensa ke riga su zuwa kasuwa ta kama musu wurin zama. Kwana arba'in ina tafiya, ina cin abin da daddawata ta samo mini, har na isa Kasuwar Amo, inda ba a sayar da kome sai katako.

Rumfunan kasuwar a kan ƙafafun itace suke, an lulluɓe su da tabarmi har ƙasa. Wani dillali mai suna Nomau ya tare ni da fara'a kamar ya ga uwarsa.

"Inna, sannu da hanya. Katako mai murya kike nema? Kin zo gidansa. Ƙwanƙwasa wannan ki ji."

Na ƙwanƙwasa. Wani amo ya tashi, siriri, mai daɗi, ya yi ta yawo cikin rumfar kamar ƙudan zuma. Zuciyata ta yi tsalle, amma fuskata ba ta nuna ba, don wanda ya yi murmushi a gaban dillali ya riga ya biya. Na taɓe baki na ce a kawo wani. Na ƙwanƙwasa na biyu, na uku, na huɗu. Da fari da ja, da mai kauri da siriri, duk murya ɗaya. Na ce a raina, ko 'yan ciki ɗaya ba sa tari iri ɗaya. Sai na ɗaga yatsa a kan na biyar, na sauko da shi da ƙarfi, na tsayar da shi saura kaurin gashi ya taɓa.

Amon ya tashi abinsa.

Na sunkuya na yaye tabarmar. Ga matar Nomau a duƙunƙune ƙarƙashin rumfa, da tasar tagulla a cinya da ludayi a hannu, tana leƙen yatsana ta wata 'yar huda. Muka dubi juna.

Nomau ya rage murya ya ce, "Inna, rufa mini asiri. A kasuwar nan wanda aka kama da ha'inci kunne ake yanke masa." Na lura kuma wasu ƙarti biyu, 'yan uwansa, sun matso sun tare mini hanya. Na gyara zama a bakin rumfar yadda duk mai wucewa zai gan ni, na ce, "Yau shiruna na sayarwa ne. Taya."

Ya ce zane. Na ce albarka. Ya ce zane biyu da ɗankwali. Na ce albarka, na fara gyaran murya kamar mai shirin guɗa. Ya ce to me nake so. Na ce hanyar inda katakon gaskiya yake, da jakin da na gani ɗaure a bayan rumfa. Ya fara rantse-rantse jakin na surukinsa ne, sai matar ta yi magana daga ƙasa: "Malam, don Allah ba ta jakin ta tafi, bayana ya ƙage."

Haka na fita Kasuwar Amo a kan jaki, da sanin cewa sai na ƙetare Kogin Ajiya, na hau Dutsen Sanyi, na nemi wani tsoho Baba Tankari.

Na isa bakin kogin wata safiya. Ruwansa kore ne shar, ba igiya, ba kukan kwaɗo. Mai fiton, wani siririn mutum da ake kira Audi, na tarar da shi yana zaga kwalekwalensa yana bugunsa da ƙotar filafili, taku ɗaya bugu ɗaya. Na tambaye shi ko gaisuwa yake yi da jirgin.

Ya ce, "Kusan haka, Iya. Inda ya ce kwal, lafiya lau. Inda ya ce ɓus, ruɓa ta shiga, ko da ido bai gani ba. Itace ba ya ƙarya, sai dai a ƙi tambayarsa."

Muka yi ciniki har rana ta ɗaga, na bar masa jakin a kan zai kai ni ya kuma dawo da ni. Kafin mu tashi ya gargaɗe ni. Ya ce kogin nan ajiya yake yi wa mutane. Duk maganar da aka taɓa faɗa maka ba ka saurara ba, nan take gangarowa ta kwanta, in ka zo ƙetarewa ta taso ta same ka.

Muna kai tsakiya sai na ga kumfa na tasowa daga ƙasan ruwa, ƙwaya-ƙwaya, kamar ƙwan zabo. Kowace ta fashe sai murya ta fito. Na ji mahaifiyata tana cewa in rage faɗa. Na ji wata maƙwabciya tana ba ni haƙuri a kan wata kaza, shekara ashirin da suka wuce. Kumfar ta yi ta ƙaruwa har ruwan ya zama kamar tukunya a kan wuta. Sai can na ji muryar maigidan, a hankali kamar yadda ya saba, kamar yana bayana yana wasa gizago.

"Tasalla, kada ki bar katakon nan a ruwan sama."

Wata ta fashe. "Tasalla, ko wa ya roƙa, kada ki ba da shi aro."

Wata kuma, da dariya a cikinta. "Ke dai kome kika riƙe sai ya ji a jikinsa."

Na ga wata babba tana tasowa, na san tasa ce. Na kai hannu na damƙe ta don kada ta wuce ni. Ta mutu a tafina ba ta ce kome ba, sai ruwa mai sanyi ya bi yatsuna. Har yau ban san abin da ke cikinta ba.

Da muka kai gaɓa Audi ya share gumi ya ce, "Iya, shekara arba'in ina fito, ban taɓa ɗauko wanda aka yi wa magana bai ji ba kamar ke. Na ɗauka za mu kife."

Na ce, "Tuƙi aka sa ka, ba wa'azi ba."

Dutsen Sanyi sai da na yi wata guda ina hawansa. Gajimare na kwana a gindinsa kamar tumaki, mutum ya ratsa su ya fito zanensa a jiƙe. A samansa itatuwa ne dogaye, miƙaƙƙu, ganyensu kamar allura, in iska ta bi ta cikinsu sai ka ji dukan dajin yana gunji ƙasa-ƙasa kamar masu karatu a nesa. Can na sami Baba Tankari a gaban wata doguwar rumfa da aka jera katakai a cikinta, an sa tsinke tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa. Gajere ne, gemunsa har cibiya. Na gaishe shi, na faɗa masa abin da ke tafe da ni.

Ya miƙo mini katako ya ce, "Tambaye shi, 'yata."

Na riƙe shi gam da hannun hagu, na ƙwanƙwasa. Ya ce ɓus. Ya miƙo wani, ɓus. Na gwada goma sha biyu, duk kurame. Na ce, "Baba, na yi tafiyar wata uku don a nuna mini itacen girki?"

Ya ɗauki na farkon da na jefar, ya kama shi da yatsa biyu kawai, ba a baki ba, ba a tsakiya ba, wajen rubu'in tsawonsa, ya bar shi yana reto kusa da kunnena. Ya taɓa cikinsa da gaɓar yatsa. Sai katakon ya buɗe baki. Murya ce mai zurfi, ta fito ta tsaya a iska tana rawa, ta yi ta sirancewa kamar zaren da ake ja daga abawa.

Ya ce, "Kin shaƙe shi, sa'an nan kin ce ya yi miki magana. Kowane katako yana da wuri ɗaya da ba ya motsi in yana waƙa. Nan ake kamawa, kamar yadda ake kama fara ta fiffike. Ko'ina ban da nan, maƙogwaronsa kika riƙe."

Na ce, "In na sassauta ai faɗuwa zai yi."

Ya ce, "Zai faɗi."

Ya kuwa faɗi. Kwana tara yana faɗo mini a kan yatsun ƙafa. Hannun da ya shekara talatin yana riƙe kaya kada mai saye ya fizga, ba ya koyon saki a rana ɗaya. Ran na goma, ina tunanin kumfar nan da ta mutu a tafina, sai na ji katako ya amsa mini.

Daga nan Baba ya shiga koya mini muryoyi. Ya ce uku ne a kowane bugu: akwai sallama, wato ƙarar farko, akwai zance, wato gunjin da ke biyo ta, akwai sallamar tafiya, wato wutsiyar da ke ɓacewa. Rimi sallama kawai ya iya, ba zance. Ƙirya tana ƙara kamar tasa, amma nauyinta ya yi wa tsirkiya yawa, sai dai a yi baya da ita. Maɗaci muryarsa ɗumi gare ta kamar kunun safe. Itacen dutsen nan kuwa, da yake sanyi ba ya barinsa ya yi saurin girma, layukan jikinsa a matse suke kamar zaren saƙi, ga shi ba nauyi, ga ƙarfi, shi ya sa shi ne fuska. Na koyi jin tsagar da ido bai gani ba, tana zizara a ƙarshen murya kamar ƙuda a cikin kwalba. Na yi wata guda, har na zaɓi wani fari tas wanda ya kai numfashi biyu da rabi.

Baba ya ce, "Kin iya zaɓe. Bana aka sare shi. Ki sa masa alamarki, ki dawo bayan damina goma, ya bushe."

Na ce saura mini wata uku da kwana ashirin, uku kuwa na hanya ne. Na nuna busassun da ke can ƙuryar rumfa. Ya ce kowanne da mai shi, wasu ma jikokinsu ne za su zo ɗauka. Na yi tayi, na yi magiya, ni da ban taɓa roƙon kowa ba. Ya ce ba a sayar da jiran wani.

Na tashi na shiga ɗaure kayana. Na kwashe ragowar daddawar don in gyara ɗauri, na jingine tsohon katakona a jikin gungume. Ya zame ya bugi dutse. Ban kula ba, amma na ga Baba ya ɗaga kai kamar wanda aka kira sunansa.

Ya yi tari ya ce, "Af, na tuna. Akwai wani busasshe da mai shi ya yafe. Sai in ba ki shi, ki bar mini wannan ƙazamin katakon naki, in riƙa zama a kai."

Na dube shi. Mutumin da ya ƙi tayina tun safe, yanzu shi ke bi na da kyauta? A kasuwa na girma. Ba a taɓa yi wa abin banza tayi da gaggawa ba. Na ce, "Albarka, Baba."

Ya ce, "To, in ba ki biyu."

Na ce, "Ka ƙara ɓata cinikinka."

Na ɗauki katakona, na lalubi rubu'insa, na kama da yatsa biyu, na kai kunne. Na taɓa.

Jama'a, ban san yadda zan faɗa muku ba. Sallamarsa a hankali take, zancensa mai zurfi, kamar mutum na magana a ɗaki na kusa ba ya so ya tashe ka. Na ja numfashi ɗaya, biyu, uku, huɗu, yana nan. Dajin ma kamar ya yi shiru yana saurare. Shekara talatin ina ɗauke da shi a ka, ina yanka daddawa a bayansa, ban taɓa tambayarsa kome ba.

Baba ya karɓa, ya kankare wani gefe da farce, wata 'yar alama ta fito, zanen gizago. Ya yi dariya har gemunsa na rawa. Ya ce, "Na so in same shi, ba zan ɓoye miki ba. Wani saurayi fari ne ya zaɓe shi, ya yi mini aikin shekara biyu a kansa. Na ce ya bar shi nan ya ƙara bushewa, ya ce a'a, hannunsa bai kai ya taɓa shi ba tukuna, amma zai auri wata yarinya wadda abin da ya shiga hannunta ko sarki bai isa ya karɓa ba. Ya ce wurinta ya fi rumfata tsaro."

Na ce, "To me ya hana shi gaya mini?"

Ya ce, "Na tambaye shi. Ya ce in kin san darajarsa, sayarwa za ki yi."

Na buɗe baki in musa, na rufe. Gaskiyar mamaci ba a ja da ita.

Na gangaro dutsen, daddawar a ƙulle a zane, katakon a rungume a ƙirji. Audi ya ƙetarar da ni, wannan karon kumfa uku kacal suka taso, duk na Baba Tankari ne. Na shiga Shamraza saura kwana goma sha tara, na tarar har an fara tara kirare a bakin kasuwa.

Barmo na ganin abin da na ɗauko ya toshe hanci ya ce, "Tasalla, duniya kika zago ki kawo mana katakon tallanki?" Na kama da yatsa biyu, na taɓa. Wanda ya nemi gyara a wancan karon shi ya riƙa ƙirga numfashi, da ya kai huɗu ya cire hularsa.

Aka tsaga katakon biyu, aka buɗe shi kamar littafi, aka haɗa gefe da gefe, cikinsa ya fito launin ruwan zuma. Barmo da kansa ya zauna kankara, don sai an sirantar da fuska kafin ta ɗauki tsirkiya, in kuwa aka zarce ko da kaurin ganye ne muryar ta tafi ke nan, ba ta dawowa. Yana kankara ina karɓa ina tambaya. Kowace rana muryar na ƙara sauka, tana ƙara buɗewa. Ran na shida da azahar na taɓa, na ji ta cika, kamar tulun da ruwa ya kawo wuya.

Na ce, "Tsaya nan, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Da saura. Shekarata hamsin a aikin nan."

Na ce, "Ni kuma shekarata talatin da mai wannan muryar. Ya gama magana. In ka ƙara, sai dai ka yanke masa harshe."

Ya riƙe wuƙar a sama. Ya karɓi katakon, ya taɓa, ya daɗe kunnensa a jiki. Sa'an nan ya ajiye wuƙar ya ce a kawo danƙo.

Ranar cikar shekara aka ɗaura tsirkiya shida, aka ba wani makaɗi ya gwada a bakin kasuwa, kusa da kiraren da aka tara. Da ya ja tsirkiyar farko masu awo suka tsaya da mudu a hannu. Da katakon ya ɗumama a jikinsa kuwa, sai wani ƙamshi ya fito ta bakin jitar ya bi layin kasuwa, mata suka fara waige-waige suna tambayar wa ke kaɗa miya. Barmo ya miƙe ya ambaci gwanaye tun daga na farko, ya rufe da sunan maigidana. Kiraren nan ni na kwashe su, na yi wata biyu ina dafa kalwa da su.

Wani baƙo daga bakin teku, mai rawani har biyu, ya ratso taro ya tambaya ko ta sayarwa ce, ya ce in faɗi abin da nake so. A rayuwata ban taɓa barin mai saye ya tafi ban ji iyakar tayinsa ba. Ran nan tun bai rufe baki ba na ce albarka.

Tana nan rataye a zauren masassaƙa. Ni kuma a faifai nake jera daddawata yanzu. In na wuce da safe nakan leƙa, in taɓa fuskarta da gaɓar yatsa sau ɗaya, in tsaya sai ya gama abin da zai ce, sa'an nan in tafi kasuwa.

Iyakar abin da ƙafata ta taka ke nan. Wanda ya ji ya riƙe, amma da yatsa biyu.